Rijiyar Inna Mero

Unguwar Marke, ta Ƙetare
Lahadi, 19 ga Satumba, 2021

Zuwa ga mijina, Abban Sumayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Sumayya da Hajiya. Yaya Zariya, yaya aiki, yaya kuma haƙuri da rashina? Ni lafiyata lau, sai kewarku.

Ka ga ikon Allah, yau ni ce da biro da takarda kamar 'yar firamare. Tun da aka yanke sabis a yankin nan wayata ta koma tocila. Shamsu direba zai riƙa kawo maku samfuran duwatsu ɗakin gwaji, shi ne na ce motar da ta ɗauki dutse ba za ta gaza da takarda ba. In ya tashi dawowa ka ba shi amsa, kuma don Allah kada ka yi mani rubutun nan naka mai kama da na likitoci.

Aiki dai mun fara. Kamfani ya ba mu Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mu zaga, mu ga ko akwai alamar ma'adinin yuraniyom da ta isa a dawo a haƙa. Saboda halin da ake ciki ba mu nisa da titi, kuma kafin la'asar mun tattara. Abokan aikina sun kama masauki cikin Ƙanƙara, ni kuwa na ce ba ni kwana masauki ga ɗakin uwata a buɗe. Kullum da safe mota na biyowa ta ɗauke ni.

Baba na gaishe ka. Ya tsufa, Abban Sumayya, amma bakin nan nashi na nan. Ya tambaye ni wai mene ne bambancin aikina da naka. Na ce mashi kai sai ka fasa dutse da guduma ka leƙa cikinshi kafin ka yi magana, ni kuwa ina tafe bisa ƙasa da na'ura ina sauraron abin da ke ƙarƙashi ba tare da na tona ba. Na ce wasu duwatsun na fitar da wani tururi da ido bai gani, hanci bai ji, na'urar kaɗai ke jin shi, in ta ji sai ta yi kuka. Ya saurari kukan, ya ce ashe gyare nake goyo. Yanzu duk gari Gyare ake ce mata.

Rijiyar Inna na nan ƙofar gida yadda ka san ta. Ka tuna bayan rasuwar Inna Mero, da Baba ya ce sai an gina mata rijiya sadaka, magina suka ci karo da dutse suka so su gudu, ya hana su sakat har ruwa ya fito? Fasassun duwatsun da aka fiddo daga ciki su aka yi dakali da su a gefe. Nan yake zama tun safe. Mata da yara na ɗiba, kowa ya cika tulu ya ce Allah ya kai haske kabarin Mero, shi kuma ya ce amin. Ban taɓa ganin ya gaji da amin ɗin nan ba. Ruwan kuwa ga sanyi ga garɗi, ni kaina sai na sha moɗa biyu.

Damuwata ɗaya ce. Ka san ƙa'idarmu, kowace safiya sai an gwada na'ura a wuri guda lafiyayye kafin a fita da ita. Ni na zaɓi dakalin Baba don yana kusa. To ina ɗora Gyare sai ta kama kuka kamar an taka ta. Ina jin girgizar hanyar nan ce ta kwance mata wani abu. Ka yi wa ofis magana su ba Shamsu ɗayar ya kawo mani.

Ka shafa mani kan Sumayya, ka hana ta yawo ba takalmi. Ka gaishe da Hajiya da kyau.

Matarka,
Halimatu Sa'adiya


Faskari
Talata, 5 ga Oktoba

Abban Sumayya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata murar ta sake ka. Na ga takardarka, na ga kuma zanen da Sumayya ta yi wai ni ce. Ka ce mata na gode, amma kaina bai kai haka girma ba.

Ɗayar na'urar ta iso. Na jera su biyun bisa wani fa a bayan Faskari, suka ba ni lamba ɗaya. Na matsa gaba, lamba ɗaya. Wato Gyare lafiyarta lau. Nan gabana ya faɗi. Ranar Juma'a na koma gida, na jira Baba ya tafi Ƙetare masallaci, na ɗora su bisa dakali, duka biyun suka ɗauki kuka tare. Na zagaya gari da su, shiru. Na dawo bakin rijiya, kuka. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ka yi mani dariya in kana so, ni na jawo. Abu na farko da aka koya mamu shi ne wurin gwaji shi ma sai an gwada shi. Ni kuwa na zaɓi nawa don a nan na yi rarrafe. Ko sau ɗaya bai zo mani a rai ba cewa abin da muke wahalar nema a daji yana ƙofar gidanmu. Na gwammace in zargi na'ura.

Na ɓanɓaro ɗan dutse daga bayan dakalin. Jaja-jaja ne, mai manyan ƙwayoyi, da ɗigon rawaya cikin tsagarshi. Kai za ka fi ni sanin sunanshi. Na nuna wa Dakta Ikhlas, shugaban tawagarmu, ya yi murna ƙwarai, wai wannan ne labari mai daɗi na farko tun da muka fito. Na yi mashi yaƙe. Shi dutse yake gani, ni kuwa tulunan da ke jere bakin rijiya nake gani.

Cikin buhun da Shamsu zai kawo maka akwai kwalaben ruwan rijiyar, na naɗe su da tsohon ɗankwalina. Ka ajiye duk wani aiki ka fara da su. Wataƙila dutsen ya riƙe abinshi bai saki cikin ruwa ba, ai ana samun haka. Addu'ar da nake yi ke nan. Ban faɗa wa Baba komai ba, don ban son in tayar mashi da hankali a kan abin da ban tabbatar ba. Tsoro nake ji, gaskiya. In ruwan nan ya ɓaci, rijiyar Inna ce za a rufe, kuma bakina ne zai faɗa.

Ka sa ni cikin addu'a. A gaida kowa.

Taka,
Sa'adiya


Sabuwa
Laraba, 20 ga Oktoba

Abban Sumayya,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, kuma Hajiya ta ji sauƙin ƙafar. Mu muna Sabuwa, ƙasar itatuwa da mugun titi. An fara yankan masara, ko'ina ƙamshin gasasshiya.

Sakamakon ya same ni. Na gode da ba ka yi mani kwana-kwana ba. Na karanta, na ninke, na sake buɗewa ko lambar za ta ragu. Abin da ke cikin ruwan ya ninka wanda aka yarda a sha sau da yawa, kuma ni da kai mun san inda yake zuwa: ƙoda, a hankali, shekara bisa shekara. Abin haushin kuma, ka ce jijiyar dutsen siririya ce, ba ta isa a haƙa ba. Dakta Ikhlas ya ɗiga mata alama a taswira, ya ce mu wuce gaba. Kamfani bai samu komai ba, mu kuma mun rasa rijiya.

Ranar Asabar na tafi gida da niyyar faɗa wa Baba. Ka san shi, bai yarda wani ya ba baƙo ruwan rijiyar nan, shi ke tashi da kanshi. Ina sauka daga mota ya miƙe da ƙyar, ya ɗebo a ƙwarya, ya miƙo mani da hannu biyu. Sai na ji kaina ina cewa azumi nake, ramuwa. Ya sa mani albarka, ya rufe ƙwaryar da faifai ya ajiye a inuwa. Da magariba ya aiko mani da ita in yi buɗa-baki. Na zagaya bayan ɗaki na zubar, na sha ruwan leda da na ɓoye a jaka. Da safe yana shara ya tsinci ledar. Sai da maƙwabta suka zo gaisuwa na ji yana faɗa masu, da murya mai taushi, wai cikin 'yan boko bai ɗaukar ruwan ƙauye. Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi. Na shiga mota na taho ban faɗa ba.

Yanzu shawararka. Ka ce in rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma su zo su sa kwaɗo, wai hakan zai ɗauke mani nauyi. Haba Abban Sumayya. Kai da ka durƙusa gaban Alhaji Barau ka nemi aurena, har yanzu ba ka san shi ba? A ce yana zaune bisa dakali, wasu yara masu fararen riguna su sauko daga mota su kulle rijiyar matarshi gaban jama'a, sannan ya ji ɗiyarshi ce ta aiko su? Wallahi ba zai ƙara miƙewa daidai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. Ma'aikatan lafiya za su zo, dole ne, amma bayan ya ji daga bakina.

Kada ka ce na yi maka faɗa. Inda kake da gaskiya na sani: duk safiyar da na yi shiru, yaran garinmu sun sha. Jibi zan koma, kuma ba ni barin gidan sai na faɗa.

Ka yi haƙuri da zafina, ka san hali.

Matarka,
Sa'adiya


Unguwar Marke
Lahadi, 24 ga Oktoba

Abban Sumayya,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya Sumayya da makaranta?

Na faɗa mashi. Jiya da hantsi, da masu ɗiba suka ragu, na zauna ƙasa gaban dakali, na ɗora Gyare kusa da ƙafarshi, na bar ta ta yi kukanta. Sannan na yi bayani tun daga farko, har da ƙaryar azumin. Bai katse ni ba.

Da na gama ya fara tambaya, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai cinikin sa. Ko in an tafasa zai gyaru? Na ce tafasawa ma ƙara mashi ƙarfi take. Ko a jefa alif, ko a yashe rijiyar? Na ce dutsen da ruwan ke kwance ciki ne ke da abin. Ya ce ruwan da ya fi kowane daɗi a ƙasar nan? Na ce abin ba shi da ɗanɗano. Sai ya tambaye ni batun Khadijatu matar Lawwali, maƙwabcinmu na gabas, wadda ta rasu bara bayan ƙafafunta sun kumbura aka ce ƙoda ce. Na faɗa mashi gaskiya: ban sani ba, kuma ba wanda zai iya sani yanzu. Ciwon ƙoda na da hanyoyi da yawa. Ba zan ce ruwan ne ba, ba kuma zan rantse ba shi ba ne.

Tambayar ƙarshe ita ta karya ni. Ya ce shi ya yi niyya duk kurɓin da aka sha ladan ya tafi ga Mero. To in cuta aka yi ta sha, me ya yi ta aika mata shekarun nan? Abban Sumayya, na yi karatu har na gaji, amma ba a koya mani wannan ba. Kuka kawai na yi.

Ya tashi ya janye igiya, ya naɗe ta a hannu, ya ɗauki guga ya shiga gida da su. Daga nan ya wuce wurin Liman, suka daɗe. Bayan la'asar ya miƙe a ƙofar masallaci ya faɗa wa mutane da bakinshi cewa daga yau kada wanda ya ƙara sha, kuma shi ya gina, shi ya hana. An ce mani muryarshi ba ta yi rawa ba. Malam Lawwali ya ɗauki takalmanshi ya fita tun Baba bai gama ba.

Gari kuwa ya ɗauka. Wasu sun ce sun gode. Wasu na cewa arziki na gano ƙarƙashin rijiyar, ina so in kori mutane kamfanina ya kwashe. Gwaggo Safara'u ta same ni har ɗaki ta ce ita ta sha ta ƙoshi ga ta garau, boko dai bai iya barin abu lafiya. Ban yi musu ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Mutane sun koma tsohuwar rijiyar fadama, ga nisa ga laka. Na saka kwalabenta cikin buhu, ita ma ka duba mani da sauri. Na roƙi Dakta Ikhlas ya bar ni nan in kammala taswirar wannan ɓangaren daga gida, ya yarda. Baba bai zauna bisa dakali ba yau, kuma tun jiya gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ban san ko fushi yake da ni ba, ko kunyata yake ji. Duka biyun ban so.

Ka gaishe da Hajiya, ka ce ta yi mamu addu'a.

Taka,
Sa'adiya


Unguwar Marke
Asabar, 13 ga Nuwamba

Mijina Abban Sumayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Na gode da labarin rijiyar fadama, da na karanta cewa ruwanta lafiya lau ne sai da na yi sujada.

Ma'aikatan lafiya sun zo daga Ƙanƙara, Baba ne ya aika a kira su. Sun duba mutane, sun tura kaɗan asibiti a ƙara bincike. Ni kuma na shimfiɗa wayoyin na'urar neman ruwa a gefen fadama, na samu wurin da ruwa ke kusa kuma dutsen wani iri ne daban. An ce in an gama yankan dawa za a yi gayya a gina sabuwa. Ba ƙofar gidanmu take ba, cikin gonar Liman ce. Ranar Alhamis aka zuba wa rijiyar Inna murfin siminti. Baba ya tsaya har aka gama, sannan ya sa aka rushe dakalin aka binne duwatsun.

Amma abin da nake so in ba ka labari daban ne. Tun makon jiya Baba ya ɗauki sandarshi ya fara bin gari gida-gida yana neman gafara. Na ce mashi bai yi laifi ba, bai sani ba. Ya ce shi ma Liman haka ya ce, amma hakkin mutane bakin mutane ke sauke shi. A kowace ƙofa magana ɗaya yake yi: shi ya zaɓi wurin, shi ya hana magina tashi, in akwai mai jin ciwo a ranshi ya ɗora mashi, kada ya ɗora wa Mero. Mafi yawa ba su bari ya ƙarasa. Gwaggo Safara'u ma kuka ta yi, ta ce ya tashi ya ba ta wuri.

Gidan Malam Lawwali ne kawai. Baba ya yi sallama, aka ce yana ciki, bai fito ba. Washegari ya koma, bai fito ba. Kullum yanzu, lokacin da a da yake zaman bakin rijiya, can yake zuwa ya tsaya a zaure, ya yi sallama sau uku, ya dawo. Raina ya ɓaci na ce ya isa haka. Ya ce mutumin da ya binne matarshi ba a yi mashi gaggawa, shi ya san wannan.

Yau na ce zan raka shi, bai hana ba. Muka tsaya, muka yi sallama, muka juyo. A hanyar dawowa ya rage tafiya har na zo daidai da shi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce da na ci gaba da shan ruwan leda a ɓoye na bar mutane na sha, da wannan ne ba zai yafe mani ba. Ya ce ya yi ta tunanin abubuwan nan uku da malamai ke cewa suna bin mamaci: sadaka mai gudana, da ilimi mai amfani, da ɗa nagari. Shi da ƙarfinshi ya gina mata na farko, ga shi an rufe. Sauran biyun kuwa Mero ta tanadar wa kanta tun tana raye, lokacin da ta tsaya kai da fata sai na yi karatu shi yana cewa a'a. Ya ce ashe ba ta jira rijiyarshi ba.

Haka muka iso gida. Gobe da safe za mu koma ƙofar Malam Lawwali tare.

Ka sumbatar mani Sumayya. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce matarka,
Halimatu Sa'adiya Barau